DAWOWA DAGA INA? RADDI GA MASU TAFA WA FAIFAN YUSUF ISLAM

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

A watan Nuwamba na 2006 Yusuf Islam, mawaƙin Ingila da aka sani da Cat Stevens, ya fitar da faifai mai suna An Other Cup, irinsa na farko tun Back to Earth na 1978. Nan take masu sharhin waƙa a jaridun Turai da Amurka suka ɗauki shewa, wai ɓatacce ya dawo gida. Ma'auninsu guda ne: shin muryar ta kamo ta Tea for the Tillerman na 1970?

To, muna tambayarsu: dawowa daga ina? Shekaru 28 ɗin nan a kabari ya yi su? Bawan Allah ya musulunta a Disambar 1977, ya ajiye jita. A 1983 ya kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan, wadda a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsu. A 1995 ya fitar da faifan tarihin Annabi (SAW). Duk wannan a wurinsu hutu ne, ba aiki ba! Wanda rayuwa a wurinsa ba ta wuce dandali da tafi ba, dole ya ɗauki masallaci wurin ɓata.

Amma babbar musibar tana cikin gida. Sai ga waɗansu matasanmu suna kafa hujja da faifan, wai tunda Yusuf ya koma kiɗa, kiɗa ya halatta. Subhanallah! Yaushe shahara ta zama dalili na shari'a? Jamhurin malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya, bisa hadisin ma'azif da ke cikin Bukhari. Ibn Hazm ya saɓa musu, ya raunana hadisin, Ibnus Salah kuwa ya mayar masa da martani. A nan ake muhawara, da isnadi da matani, ba da yabon 'yan jarida ba.

Ya ɗan'uwa, Yusuf ɗan'uwanmu ne. Ba ma kafirta shi, ba ma manta alherinsa, amma ba muftinmu ba ne. Da gaskiya ake gane mazaje, ba da mazaje ake gane gaskiya ba.

Allah Ya tabbatar da mu da shi a kan Sunnah, amin.