Kafin ku sayi tuba, ku bar waya ta auna ta

A cikin kayan 'yan badujala da ake gani a fareti irin na 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, babu mai girma da tsada kamar tuba, ƙaton ƙahon tagullan nan da aka ƙirƙiro a Jamus a 1835. Makaranta ko ƙungiyar matasa a Dutse sau ɗaya za ta iya sayen ta, galibi ma ta hannu, sannan a yi shekaru ana busa abin da aka zaɓa.

Mai saye yakan tsaya tsakanin biyu: wadda muryarta ke da kauri da daɗi, ko wadda kowane sautinta ke faɗawa daidai inda ya kamata. Ni ina bayan ta biyu. Murya tana gyaruwa da yawan atisaye ko canza bakin busa. Amma idan tsawon bututun ya kauce tun daga masana'anta, mai busa zai yi ta matse leɓe yana gyara, sauran kuma su ɓace tare da shi, don ita ce ginshiƙin da suke jingina kunne a kai.

A nan wayarku za ta yi aiki. Ku sauke manhajar auna sauti irin Soundcorset ko TonalEnergy, ku saita sautin A a kan 440, wato girgiza 440 a daƙiƙa. A busa na minti goma tukuna, ƙarfen ya ɗumama. Sannan a bi sautukan ɗaya bayan ɗaya ana kallon allurar. Ku sa ido idan an danna maɓalli na 1 da na 3 tare: a nan sauti kan haura sama, shi ya sa mai maɓalli huɗu ta fi, ko da kuɗinta ya ɗara.

Kada a manta da yanayinmu. Iska mai zafi tana ɗaga sautin abin busa, sanyi yana saukar da shi. Tubar da za ta yi zafin Afrilu a Dutse ta kuma yi asubahin hunturu tana buƙatar bututun saiti mai zamewa ciki da waje ba tare da cijewa ba.

Abin da waya ba za ta iya ba shi ne hukunta daɗin murya. Babbar tuba tana kaɗawa a wajen girgiza 58 a daƙiƙa, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta fitar da wannan zurfin. Bidiyon da dillali ya turo ta WhatsApp ba hujja ba ne. A je Kano ko duk inda kayan suke, mutum ɗaya ya busa, wani ya ja baya ya saurara.

Ku dai kada ku ɗora wannan ma'auni a kan kakaki da algaitar fadar Sarkin Dutse. Ba da 440 aka ƙera su ba, allurar za ta yi ta rawa ne kawai.