Adon Kirsimeti A Zamanin Tsada: Mu Koma Wa Aikin Hannu

Ga kaka ta yi, hunturu ya kunno kai, ranar 25 ga Disamba kuma tana ta matsowa. A nan Mairuwa, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da sauran ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, akwai gidajen Kirista da dama, waɗansu Hausawa ne 'yan ƙasa, waɗansu kuwa aiki ko fatauci ya kawo su. Ajin da nake koyarwa ma haɗe yake, 'ya'yan Musulmi da na Kirista kan benci ɗaya. Saboda haka maganar yau ta shafe mu duka, domin abin da zan faɗa game da Kirsimeti, haka yake ga Salla da biki da suna.

Kwanan baya wata maƙwabciyata ta je kasuwar Funtuwa don ta sayo kayan ƙyale-ƙyalen da za ta rataya a ɗaki, watau 'yan fitilun nan masu walƙiya da igiyoyi masu sheƙi. Ta dawo hannu wofi, ranta a ɓace. Ta ce mini, "Malama, kuɗin da suka faɗa ya isa cefanen kwana biyu. Bana dai yara sai haƙuri." Na ce mata haƙuri dai da kyau, amma ba a kan wannan ba.

Me ya jawo tsadar? Galibin waɗannan kaya daga ƙasar Sin ake kawo su, musamman daga wani birni da ake kira Yiwu, kuma da dala ake sayensu. A farkon shekarar 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Sa'an nan ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, daga can zuwa Funtuwa, ya tashi. Duk wannan nauyi a kan mai saye na ƙarshe yake sauka, watau ke da ni. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin namu nauyin. Ba mu manta da Disambar 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, makonni biyu kafin Kirsimeti. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse wayar salula na tsawon watanni. Gidaje da yawa sun rasa shanu da gonaki a waɗannan shekaru. Gidan da ke farfaɗowa daga irin wannan, ga kuɗin makaranta na jiran sa a Janairu, bai kamata ya ci bashi saboda abin da za a kwance bayan kwana goma ba.

To, shin a bar ɗaki haka nan ke nan? A'a. Ki sani ita kanta bishiyar Kirsimetin da muke gani a hotuna, al'adar mutanen Jamus ce, daga baya ta bazu a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya. Ba sayo ta suka yi daga wata ƙasa ba, itacen da ke dajinsu suka saro. Su sun yi da abin da ke ƙofar gidansu, mu me zai hana mu? Iyayenmu da suka iya daɓe da shafen farar ƙasa da jeren ƙorai da faya-fayi ba su jira jirgin ruwa ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Ga abin da muka gwada da 'yan ajina a darasin aikin hannu. Da farko tauraro. Ki sami sille guda biyar masu tsawo ɗaya, ki gicciya su, ki ɗaure bakunan da zare, sai ki manna farar takarda a kai. Gam kuwa, garin rogo ko fulawa za ki dama a wuta har ya yi kauri. Na biyu, furanni. Ki jiƙa ɓawon masara ya yi laushi, ki tsoma shi a ruwan zoɓo ko karan dafi in ja kike so, gangamau in rawaya, shuni in shuɗi, sa'an nan ki naɗe shi ki ɗaure gindin. Na uku, ki roƙi tela ƙyallayen da ya share, ki yanka su kusurwa uku-uku, ki jera a igiya daga bango zuwa bango. In bishiya kike so, ki kafa busasshen reshe a gwangwani cike da yashi, ki shafa masa farar ƙasa, ki lilliƙa 'yar auduga, wadda Allah ya hore wa ƙasar Funtuwa. Komin dabbobin da akan ajiye a majami'a kuwa, yaron da ya iya motar kara da totuwa zai haɗa shi kafin azahar, a ɗora 'yan tumakin yumɓu.

Amma ga gargaɗi. Kara da auduga da takarda abincin wuta ne, hunturu kuwa lokacin gobara ne. Kada ki kunna kyandir ko aci-bal-bal kusa da su, kada ki rataya su bisa kaskon jin ɗumi, kuma almakashi da reza su zauna a hannun manya.

Na san wata za ta ce, "Ai sai a yi mini dariya, a ce talauci." Haba 'yar'uwa! Wadda ta ci bashi don a yabe ta, ranar da mai kuɗi ya yi sallama masu yabon ba su nan. Ita maƙwabciyar tawa mun zauna da 'ya'yanta yamma biyu, yanzu ɗakinta har leƙowa ake yi, kuɗin kuwa ya tafi ga shinkafar da za ta aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma sukan aiko mata da nama ran Babbar Salla.

Ku kuma 'yan makaranta, ga hutu nan tafe. Kada ku ƙare shi kan wayar yayyenku. Ku zauna gaban kaka ko gwaggo ku koyi ɗinkin faifai da rini, domin da tsohuwar zuma ake magani. Yarinyar da ta iya furen ɓawon masara a Disamba, ita za a nema ranar jeren amarya, har ta sami na littafi da fensir. Ina kuma roƙon 'yan'uwana malamai kada mu mayar da darasin aikin hannu lokacin shara.

Ina taya 'yan'uwanmu Kirista murna tun yanzu. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kai mu baɗi da rai da lafiya, amin.