Baƙo Ya Iso Birnin Katsina: Wa Zai Yi Masa Jagora?

Duk ɗalibin da ya taso daga Daudawa, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ya nufi birnin Katsina da niyyar ganin kayan tarihi, tambaya guda ce ke tarbarsa da ya sauka a tasha: daga ina zan fara? A manyan biranen duniya akwai ofishin da aka keɓe domin amsa wannan tambaya. A can ake ba wa baƙo taswirar gari, a gaya masa lokutan buɗe wurare da kuɗin shiga, a nuna masa masauki, a haɗa shi da ɗan jagora amintacce. Ra'ayinmu shi ne Katsina ta cancanci irin wannan hidima cikakkiya, kuma mu mutanen kudancin jiha muna da haƙƙi a cikinta.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin fatauci, ayari kan sauka a zango, mai masauki ya karɓi fatake, ya adana musu kaya, ya sada su da dillalai, ya sanar da su dokokin gari. Almajirin da ya zo neman ilmi kuwa, a zauren malami ake sauke shi. Hatta Bature matafiyi Heinrich Barth, da ya shigo Katsina a 1851, a hannun masu masauki ya zauna. Sunan ofis ne sabo, amma hidimar tsohuwa ce, kuma addini ya ƙarfafa ta, domin girmama baƙo yana daga cikin alamomin imani.

A yau nauyin ya rataya ne a wuyan Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da kuma Gidan Tarihi na Ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Abin nunawa kuwa ba kaɗan ba ne. Ga hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta asalinta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Ga makwancin Wali Ɗanmarina da na Wali Ɗanmasani, wanda ya yi wa Ishiriniya sharhi, ya rasu a 1667. Ga ƙofofin birni irin su Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura. A wajen birni akwai Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, da rijiyar Kusugu a Daura.

Abin da ya sa muke magana shi ne, wurin da babu mai bayani na ƙwarai, mai shaci-faɗi ne ke cike giɓin. Yaro zai tsaya a gindin Gobarau a cika masa kunne da tatsuniya, ya koma gida bai ji cewa wurin masallaci ne da makaranta ba, bai ji sunan Shehu Magili da ya ziyarci Katsina a ƙarshen ƙarni na 15 ba, bai kuma san cewa Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741, ɗan ƙasar nan ba ne. Haka nan a makwancin waliyyai, mai ziyara yana bukatar wanda zai tuna masa ladabin ziyara: ya yi sallama, ya yi wa mamaci addu'a, ya tuna lahira, ya bar roƙo ga Allah Shi kaɗai. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin lura da ƙarshen waɗanda suka gabata, amma izina ba ta samuwa daga labarin ƙarya.

Mun san wani zai ce: mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, ina ruwansu da yawon buɗe ido? Maganar tana da nauyi, domin ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020 ba. Tsaro shi ne gaba da komai. Sai dai wannan ma hujja ce a gare mu. Shugaban makarantar da zai ɗauki yara zuwa Katsina yana bukatar ofishin da zai kira ya ji halin hanya, da lokacin da ya dace a tashi, da inda za a sauke su. Sannan yaron da ya girma bai san ƙasarsa da komai ba sai labarin hari, yana bukatar a nuna masa cewa kakanninsa sun yi gini, sun yi rubutu, sun karantar.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta tanadi teburin karɓar baƙi a bainar jama'a, mai lambar waya da ake ɗagawa, da ƙasidu cikin Hausa, Ajami, Larabci da Turanci. A horar da 'yan jagora tare da malaman tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da malaman zaure, a ba su shaidar aiki. A kuma shigar da kudancin jiha cikin taswirar: tsohon Birnin Kogo a ƙasar Faskari, da tarihin gonar irin auduga ta Daudawa tun zamanin Turawa, ko da a rubuce ne kafin hanya ta yi kyau.

Mu ma da namu aikin. Makarantun Islamiyya su sanya ziyarar ilmi cikin tsarinsu idan hali ya yi, iyaye su zauna da dattawan da suka rage su rubuta abin da suka sani kafin ƙasa ta rufe musu ido. Wanda ya iso garinmu yana tambaya kuma, mu amsa masa da gaskiya da sakin fuska.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya tsare matafiyanmu, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.