Ana awon buhun wake, ba a awon ƴar makaranta

A kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ba ɗan kasuwar da zai biya kuɗin kaya bai ga awo da idonsa ba, ko da tiya ko da sikeli. Amma yarinya tana iya shiga kwaleji, ta yi shekara 4 har ta kai ga jarrabawar BEPC, ba a taɓa auna nauyinta ko tsawonta ba.

Tun bayan yunwar 2005, hukumomin kiwon lafiya na Nijar suka duƙufa wajen yaƙi da tamowar yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma sun kyauta. Sai dai an yi sakaci da ƴan shekara 10 zuwa 19, alhali a nan ne jiki yake samun kusan rabin nauyin da zai kai in ya girma, a nan ne kuma haila take fara rage wa yarinya jini. Ƴar ƙauyen da aka kawo birni karatu, aka ajiye ta gidan wani, takan shiga aji da kunu kaɗai a ciki. In ta yi gyangyaɗi, sai malam ya ce ragwanci ne.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata ƴan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Ke nan ɗalibar yau ita ce mai naƙudar gobe. Likitoci sun san macen da tsawonta bai kai santimita 145 ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda, wadda ita ce ke jawo yoyon fitsari.

Maganin kuwa ba ya neman miliyoyi. Tun 2007 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da ma'aunin girman yara ƴan shekara 5 zuwa 19, wanda ke gwada nauyi da tsawo da shekaru. A 2011 ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƴan mata masu haila ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako, a inda ƙarancin jini ya yawaita.

A 2017 gwamnati ta kafa dokar kare karatun ƴaƴa mata, daga baya aka gina wasu makarantun kwana, kamar ta Kelle a yankin Gure. Amma gini ba ya ƙosar da mai jin yunwa. Ya wajaba ministocin ilimi da lafiya su ajiye sikeli da sandar awo a kowace kwaleji, a auna ƴan mata farkon shekara da ƙarshenta, a rubuta a takardar sakamako kusa da makin lissafi. Attajirai su taimaka wa ɗakunan dafuwar makarantu da wake, ƙuli-ƙuli da zogale. Ma'aikacin da ya karɓi amanar ƴar ƙauye kuma, ya tabbata ta karya kumallo kafin ta fita.