Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san amsar da ake bayarwa idan an ce, "Ya jiki?" Ko mutum yana kwance bai iya juyawa, zai ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba mu da niyyar rabuwa da ita a zaure ko a bakin gadon majinyaci. Amma akwai ɗaki guda da wannan amsa take jawo wa mai ita asara, wato ɗakin da kwamitin likitoci ke zama domin duba malamin da ciwo ko haɗari ya nakasa, a yanke ko ya cancanci haƙƙinsa, ko a ci gaba da ba shi, ko a rage masa. A can duk abin da mutum ya faɗa rubuta shi ake yi, abin da bai kawo a takarda ba kuwa tamkar bai faru ba ne.

Ra'ayinmu shi ne, tattara hujja aiki ne da ya kamata a fara tun ranar da ciwo ya sauka, kuma nauyi ne a kan reshenmu baki ɗaya. Bai dace a bar wa majinyaci da iyalinsa su kaɗai ba.

Mu fara da abin da doka ta tanada. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, ta shafi ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni, kuma ta haɗa har da haɗarin da ya samu ma'aikaci a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin da yawanmu a kan babur muke zuwa makarantun ƙauye. Dokar ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki, ta ba mai aikin kwana 7 ya kai rahoto, sannan ta ce a shigar da neman diyya cikin shekara 1. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda nakasarsa ba ta kai haka ba, ana lissafa masa ne a kan abin da aka ƙiyasta ya rasa na samunsa. Idan hukuncin bai gamsar da mutum ba, yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ta ɓangaren fansho, dokar 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya taɓa kuɗin asusunsa idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar cewa ba zai iya ci gaba da aikinsa ba. Ta kuma ba shi damar neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya a cikin shekara 2. Jihohi da dama suna da nasu dokokin fansho, saboda haka wajibi ne ofishin reshe ya ajiye kwafin dokar da ta shafe mu, ya kuma tambayi hukuma a rubuce ko ana zuba mana kaso a asusun diyya. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan haƙƙoƙi an ɗaure su da wa'adi da kuma takarda. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, ko ya zo hannu rabbana, ya ba wa mai son hana shi dalili.

Hujja ta farko ita ce ta asibiti: katin majinyaci, takardar kwantarwa da ta sallama, hoton ƙashi, sakamakon gwaji, takardun magani da rasit. A nan ne al'adarmu take yawan kayar da mu. Malami ya faɗi a babur ya karye, sai a wuce da shi wurin mai ɗori, ya yi wata uku a gida, ba a rubuta komai ba ko'ina. Bayan shekara ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, sai a tambaye shi shaidar ranar da abin ya faru, ya rasa. Ba mu raina masu ɗori ba, sun daɗe suna yi wa jama'a hidima. Abin da muke cewa shi ne, a fara biyawa ta asibitin gwamnati a buɗe kati, a ɗauki hoto, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. Haka mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba sayen magani a kemis ba tare da ganin likita ba: ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, babu fayil ɗin da zai nuna tarihin ciwon.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita, alhali ita ce zuciyar maganar. Takardar likita sunan ciwo take faɗa. Kwamiti kuwa abin da yake son sani shi ne, me wannan ciwo ya hana malamin yi? Yana iya tsayawa gaban allo na tsawon darasi? Hannunsa na riƙe alli? Idonsa na karanta rubutun ɗan aji uku a littafi? Muryarsa na kaiwa ƙarshen aji mai cike da yara? Kunnensa na jin amsar yarinyar da ke layin baya? Amsar waɗannan tambayoyi a makaranta take. Littafin sa hannu yana nuna ranakun da bai zo ba. Littafin da shugaban makaranta ke rubuta al'amuran yau da kullum yana iya nuna ranar da ya yanke jiki ya faɗi a aji. Takardun izinin hutun jinya suna nuna sau nawa ciwon ya tashi. Sau da yawa, saboda zumunci, abokan aiki sukan riƙe wa mara lafiya ajinsa shiru, har a sa masa hannu a littafi don kada a taɓa albashinsa. Niyyar alheri ce, amma sakamakonta shi ne fayil ya nuna mutum lafiyayye wanda bai taɓa fashi ba. Taimakon da zai amfane shi shi ne a riƙe masa ajin, a kuma rubuta cewa an riƙe.

Hujja ta uku daga gida take fitowa, don haka muke kira ga matanmu da mazajenmu da 'ya'yanmu. A sayi ƙaramin littafi, a riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya faru: yau sai da aka kama shi ya shiga banɗaki, yau sallah a zaune ya yi, yau ciwo ya hana shi barci, yau an kashe kaza a kuɗin mota zuwa wurin gashin ƙashi. A rubuta ranakun sauƙi kamar yadda ake rubuta na tsanani, domin littafin da babu rana mai kyau a cikinsa ba ya kama da gaskiya. Ciwo yana da ranaku, kuma yana iya yiwuwa ranar zaman kwamiti ta faɗo a ranar da jiki ya yi daɗi. Mintoci kaɗan na dubawa ba za su nuna wahalar wata shida ba, littafin nan ne zai nuna ta.

Sai kuma takardun aiki: ta ɗauka, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar albashi. A duba ko suna da ranar haihuwa sun zo daidai da na katin ɗan ƙasa da na banki. Duk wanda ya taɓa raka ɗan fansho wurin tantancewa ya san yadda bambancin harafi ɗaya ke tsayar da fayil. A yi kwafin kowace takarda, a ɗauki hotonta a waya, kada a bar ta asali a hannun kowa, kuma duk abin da aka miƙa a ofis a nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a koma da shi gida.

Wasu za su ce lissafa ciwo dalla-dalla ya yi kama da rashin tawakkali. Muna tunatar da su cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Diyya da fansho bashi ne da ke kan wanda muka yi wa aiki, kuma bayyana wa likita gaskiyar hali bai saɓa wa haƙuri ba. Wasu kuma za su ce wannan hanya za ta buɗe ƙofar ƙarin gishiri. Gaskiya ne akwai masu sayen takardar likita ta bogi, kuma su ne suka sa ake kallon mai gaskiya da zargi. Ƙungiya ba za ta tsaya wa irin wannan ba. Hujjar da aka tara a hankali, daga asibiti da makaranta da gida, kowace tana gaskata 'yar'uwarta, ita ce ke raba mai gaskiya da maƙaryaci.

Saboda haka muna ba shugabannin reshe shawara uku. Jami'in walwala ya buɗe fayil ga duk ɗan ƙungiyar da ya kwanta jinya mai tsawo, da yardarsa, a riƙe sirrinsa da amana. Shugabannin makarantu su rubuta duk haɗarin da ya samu malami a ranar da ya faru, su aika wa sakataren ilimi a rubuce kafin wa'adi ya cika. Sannan kada a bar ɗayanmu ya je gaban kwamiti shi kaɗai. A haɗa shi da wakilin ƙungiya da wani daga iyalinsa, wanda zai tuna masa abin da kunya za ta sa ya haɗiye.

Mu da muke koya wa yara cewa amsa ba ta cika sai an nuna yadda aka samo ta, bai kamata a same mu da fayil fanko ba. Yawancinmu yau muna tsaye da ƙafafunmu, kuma babu wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. A taron reshe mai zuwa, kowa ya zo da sunan abokin aikin da ya san yana kwance, mu fara da su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare sauran.