Gida Mai Wayo Ko Maigida Marar Wayo?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen injiniya da na zanen gine-gine, da ku nake, domin ku ne gobe za a miƙa wa takarda da alƙalami a ce ku tsara wa jama'a muhalli. A hutun da ya wuce na yi aikin koyon sana'a a ofishin wasu masu zanen gidaje, inda na ga tsarin gidan wani attajiri, irin wanda yanzu ake kira "gida mai wayo". Ƙofa sai da wayar hannu take buɗewa, labule yana jan kansa, fitila kuwa magana ake yi mata ta kama. Na duba zanen daga farko har ƙarshe, ban ga makunnin hannu ko ɗaya a falo ba. Da na tambayi abin da zai faru ranar da wuta ta ɗauke, sai aka ce mini in bar ƙauyanci. To, ga amsar baƙauye.

Da farko, a kan wace wuta aka ɗora wannan gida? Ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 ta shafe shekaru tana rabon abin da bai cika wuce megawat 5,000 ba. An sauya wa NEPA suna a 2005, an sayar da kamfanonin a 2013, duhu bai gusa ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda ba wuta, saboda lalacewar manyan layuka. A watan Maris na shekarar 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, intanet ta yi rauni a Afirka ta Yamma. Wanda ya rataya ƙofar gidansa a kan waɗannan igiyoyi biyu, ai ya yi gini a kan toka.

Na biyu, wa ke da gidan? Yawancin na'urorin nan ba sa aiki sai sun nemi izini daga kwamfutocin kamfani a Amurka ko Sin. A 2016 kamfanin Nest, mallakar Google, ya kashe na'urar Revolv wadda mutane suka saya dala 300, ta zama kwalin banza. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon ya rufe kwamfutocinsa ba ko sallama, masu gidaje suka wayi gari manhajarsu ba ta amsawa. In an yi wa Ba'amurke haka a ƙasarsa, ina ga mutumin Gusau? Iyayenmu sun yi fama har Bature ya sauka daga kujerar mulki a 1960, mu kuma da kuɗinmu muna miƙa masa mabuɗin ɗakin kwana!

Na uku kuwa shi ya fi ciwo, wato sirrin gida. Kakanninmu sun ƙirƙiro zaure domin baƙo ya tsaya iyakarsa, ido kada ya kai ga iyali. Yau ɗan boko yana kafa kyamara da na'urar sauraro har ƙuryar ɗaki. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta zargi kamfanin Ring, na Amazon, da barin ma'aikaci yana kallon hotunan mata a ɗakunansu, kamfanin kuma ya amince ya biya dala miliyan 5.8. Wane irin ci gaba ne wannan, in ba na mai haƙar rijiya ba?

Kada wani ya ce ina gaba da ilimin zamani. Karatun da nake yi ke nan, kuma na san amfaninsa: na'urar da ke kashe famfo in tanki ya cika, da mai shaƙar hayaƙi ta ta da mutane kafin gobara, da fitilar da ke kama wa tsoho hanya da dare. Abin da nake ƙi shi ne a sa keke gaban doki don kwaikwayon abin da aka gani a talla.

Ga tsarin da hankali zai karɓa. A fara da ginin kansa: katanga mai kauri, taga mai fuskantar iska, inuwa a yamma. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi gine-ginensa a Zariya tun ƙarni na 19 da ƙasa da azara, ba su taɓa neman na'urar sanyaya ɗaki ba. Sa'an nan a binne bututun waya isassu kafin a yi filasta, domin fasa bango daga baya asara ce biyu. A ware layin abubuwan dole, a ɗora shi kan farantin hasken rana da batir. A zaɓi na'urar da ke aiki a cikin gida ko babu intanet, mai bin ƙa'idar da kamfanoni da yawa suka yarda da ita, kamar KNX ko Matter wadda ta fito a 2022. Kowace fitila ta sami makunnin hannu, kowace ƙofa ta sami mabuɗin ƙarfe. A ƙarshe a tambaya: mai gyaran wuta na unguwa zai iya gyara wannan abu? In sai an ɗauko wani daga Legas ko Dubai, a bar shi a kanti.

Ya 'yan'uwa, da kuɗin talakawa aka gina ɗakunan karatunmu, kuma talakan nan har yanzu da fitilar batir ɗansa yake bitar darasi. In muka fita muka zama dillalan kayan wasan attajirai, mun ci amanarsa. In kuwa muka koyi haɗa na'ura mai araha wadda ke jure zafi da ƙurar hunturu, wadda yaron Sabon Gari zai iya kwancewa ya mayar, to, digirinmu ya biya bashinsa. Zaɓi ya rage gare mu, kuma tun daga kan takardar zane ake yin sa.