Kwaɗon da ake datse wa mutum bai sani ba

A birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wata gadar masu tafiya a ƙasa, Pont des Arts. A da, saurayi da budurwa sukan rubuta sunayensu a jikin kwaɗo, su datse shi a shingen gadar, su wurga makullin cikin Kogin Seine, wai soyayyarsu ta ƙullu ke nan har abada. Abin ya yi yawa har wani ɓangaren shingen ya rufta saboda nauyi a watan Yunin 2014. A 2015 hukumar birnin ta kwashe kwaɗunan, wajen tan 45, ta maye gurbin shingen da gilashi.

Yaranmu na Jimeta da Yola suna ganin hotunan a waya suna cewa Turawa sun iya soyayya. Manya kuma su ja tsaki, su ce Allah Ya raba mu da shirme, mu kam babu mai rataya wa gadar Jimeta kwaɗo. To, manyan nan su suka fi ba ni haushi. Mu ma muna da namu kwaɗon, kuma ya fi nasu muni nesa ba kusa ba. Na Faris mutum biyu ne suka yarda, suka datse shi tare da rana tsaka. Namu mutum ɗaya ne yake datse wa ɗan'uwansa cikin duhu, ba da saninsa ba.

Kowa ya san yadda ake yi. Mace ta ga miji ya sauya fuska, ko ta ji ƙishin-ƙishin zai ƙaro aure. Ƙawa ta ja ta gefe: "Akwai wani malam a bayan gari, aikinsa kamar yankan wuƙa." Wannan ba malami ba ne, boka ne da ya naɗa rawani. Zai ce a kawo sabon kwaɗo, da sunan miji da na mahaifiyarsa, da gashin kansa ko ƙasar sawunsa. Ya yi surkullensa, ya datse, ya ce a jefa a tsohuwar rijiya ko cikin Kogin Binuwai. Wai an mallake shi ke nan, ko uwarsa ba zai ƙara jin maganarta ba. Kada maza su yi saurin wanke kansu. Akwai saurayin da yarinya ta ce ba ta so, ya je ya biya a kulle ta kada ta auru. Wane irin so ne wannan? Mugunta ce tsagwaronta.

Kuma ɓarnar ba ta jiran asirin ya ci. 'Yan kunnen gwal sun tafi, kuɗin adashi sun tafi, wata har mutuncinta take barowa a ɗakin bokan. Daga ranar kuma gida ya zama filin zargi. Amarya ta shekara uku ba ciki, sai a ce uwargida ta kulle mata mahaifa, alhali ga asibitin koyarwa a Yola, ga asibitin Specialist a Jimeta, ba wanda ya ce miji da mata su je a duba su. Yarinya ta daɗe ba ta yi aure ba, sai a ɗora wa matar uba. Zumuncin shekara talatin ya watse a kan ƙarfen da ake sayarwa a kasuwar Jimeta. Yanzu ma ba sai an je bayan gari ba, masu tallan "mallaka" sun cika TikTok da Facebook, da lambar waya da lambar asusun banki, ba kunya ba tsoron Allah.

A Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841, garin modibbai da karatu, wannan abin kunya ne. Musulunci ya sa sihiri cikin manyan zunubai masu halakarwa, Kiristanci ma ya haramta shi. To me ya sa liman da fasto za su yi ta faɗa a kan tufafin 'yan mata, amma a yi shiru a kan wanda yake cinye dukiyar iyayensu mata?

Kai kuma maigida, kai ne babban dillalin boka. Matar da ake ba ta haƙƙinta, ake gaya mata gaskiya, ba a yi mata barazanar saki a kan gishirin miya, da wuya ka gan ta a layin boka. Tsoro ne yake kai yawancinsu, tsoron a wayi gari an miƙo takarda, ga 'ya'ya biyar, ba sana'a.

'Yan sanda su ɗauki masu wannan sana'a a matsayin 'yan damfara, su gurfanar da su a kotu. Masu unguwa daga Doubeli har Wuro Hausa sun san gidajen da ake yi, su daina kawar da kai. Ke kuma 'yar'uwa, kuɗin da za ki kai wa boka ki ja jari da su, damuwarki kuma ki kai ta gaban waliyyinki ko alƙali.